Kiɗan da Nake Hawa Ruwa da Shi

Duk wanda ya saba shiga jirgin ruwan da iska ke turawa ya san cewa kunne ma'aikaci ne a cikin jirgi, daidai da ido da hannu, kuma wannan ne ya fi komai tasiri a kan irin kiɗan da nake ɗauka idan zan hau ruwa. Ni haifaffen Mai Wurno ne, garin da ke bakin kogin Bahar Azrak, reshen Nilu, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan rasuwar mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a yaƙin Burmi na 1903. Neman abinci ya mayar da ni Fot Sudan a gaɓar Bahar Maliya, saboda haka ruwa biyu na sani, na kogi da na teku, kuma a kowannensu na yi dogon zama a cikin jirgin katako tare da masunta, har na fahimci cewa waƙar da ke da daɗi a ɗaki ba lalle ba ne ta yi daɗi a kan ruwa.

Yawancin jiragen masuntan wannan gaɓa, waɗanda ake kira sambuk, inji gare su a yau, amma tsadar mai ta sa wasu ba su yar da ƙyallensu ba. Iskar arewa ce ke kaɗawa a nan a mafi yawan watannin shekara, don haka mai gangarawa kudu zuwa Sawakin, tafiyar kimanin kilomita 60, yana iya kashe inji ya ɗaga ƙyalle, iska ta kai shi ba tare da ya ƙona ɗigon mai ba. Da zarar inji ya yi shiru, sai jirgi ya cika da ƙananan sautuka waɗanda mai tuƙi yake karantawa: kaɗawar gefen ƙyalle idan iska ta fara zamewa, kukan igiya idan ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, da ƙarar ruwa can gaba inda yake fashewa a kan duwatsun murjani. Kiɗan da ya danne waɗannan sautuka ya zama haɗari, komai daɗinsa. Shi ya sa abin da nake nema shi ne kiɗan da ke barin fili tsakanin bugu da bugu, wato murya ɗaya da abin kiɗa ɗaya mai tsirkiya, wanda mutum zai saurara alhali rabin hankalinsa yana wajen iska.

Dattijon da nake yawan bin jirginsa Bahaushe ne da aka haifa a nan Fot Sudan, kuma duk yaran jirgi, Hausawansu da Bejansu ('yan ƙabilar gabashin Sudan), Baba suke kiransa. Bai taɓa hana ni kunna waƙa ba, sai dai akwai wurin da ba ya ɗaga ƙafa. Idan muka doshi mashigar da ke tsakanin duwatsu, yakan tura yaro ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana duban launin ruwa, domin shuɗi mai duhu zurfi ne, kore tudu ne, mai ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne kwance dab da sama. A wannan lokaci Baba ba ya ɗaga murya, yakan dube ni kawai ya ce, "Ɗana, a bari mu wuce tukuna." Ni kuma in ce, "To, Baba," in kashe. Duwatsun nan ba abin wasa ba ne, su ne suka ƙuntata mashigar Sawakin har Turawan Ingila suka gina sabuwar tasha, wato Fot Sudan ɗin da muke ciki, aka buɗe ta a 1909. Sai yaron goshi ya sauke hannunsa, ruwa ya koma shuɗi, sannan Baba yakan gyara zama a gindin sandar tuƙi ya ce, "To, maido mana da mai gurmin nan."

Mai gurmin nan shi ne marigayi Haruna Uji na Haɗeja, kuma shi ne na farko a wurina idan ana maganar kiɗan teku. Gurmi ƙaramin abu ne, ƙoƙo ne da aka rufe da fata aka sa masa sanda da tsirkiya, amma sautinsa yana da kaifi, kuma kaifin nan shi ne sirrin. Rugugin ruwa da hucin iska suna haɗiye duk wani sauti mai kauri, ita kuma ƙaramar sifikar da ake iya shiga jirgi da ita dama ba ta fitar da kauri, don haka babbar ganga takan ɓace ɗungum, a bar mutum da hayaniya. Tsirkiyar da aka tsinka da yatsa kuwa tana ratsa iska ta iso kunne da tsabtarta, ko da an rage murya ƙwarai. Abu na biyu shi ne yadda kiɗan yake zagayawa ya dawo inda ya faro, kamar luguden mata a turmi, ba ya gaggawa kuma ba ya tsayawa, har ya kan dace da tashi da saukar jirgi a kan igiyar ruwa. Ana iya kiran mutum ya tashi ya ja igiya, ya koma mazauninsa, ya tarar da kiɗan bai bar shi a baya ba. Sannan ga muryar Haruna Uji kanta da waƙoƙinsa na so da bege, waɗanda suke shiga zuciyar duk wanda ya baro gida tun asuba ya bar iyali suna barci. Na lura cewa idan yana waƙa, hira takan ragu a jirgi, kowa ya kama aikin hannunsa, wani na gyaran taru, wani na ɗaura ƙugiya, amma ba wanda ya taɓa cewa a canza.

Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi nake sa wa da hantsi. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, yana da sauri, kuma da yake talakawa masu aikin ƙarfi ya fi yi wa waƙa, yaran jirgi suna jin kamar da su yake.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda abokan aikinmu Beja suke karɓar wannan kiɗa ba tare da sun ji ko kalma ɗaya daga cikin waƙar ba. Dalilin a fili yake ga mai kunne. Mafi yawan kiɗan Sudan, daga ƙasar Nuba a arewa har zuwa tsaunukan gabas, a kan matakan sauti biyar aka gina shi, kuma kiɗan gargajiyar Hausa da yawa haka yake, saɓanin kiɗan Masar da na Hijaz mai matakai bakwai da ƙananan lanƙwasa a tsakani. Beja suna da nasu abin kiɗa mai tsirkiya biyar da suke kira basankob, ɗan'uwan tambur ɗin mutanen Nilu ne. Akwai wani saurayi a jirgin Baba da ba ya rabuwa da nasa, yana ajiye shi a cikin buhu a ƙarƙashin benci don kada gishiri ya ci tsirkiyar. Da yamma, idan an jefa anka a wani lungu da duwatsu suka kare daga igiyar ruwa, aka hura gawayi, aka ɗora jabana, wato gahawa mai citta, sai ya fito da shi ya karkata kai wajen sifika, yana murza ƙyallen da ke ɗaure da kowace tsirkiya har sai ta hau daidai da gurmin. Daga nan sai ya bi Haruna Uji a baya, yana kaɗa dukkan tsirkiyoyin a tare da hannun dama, yana danne waɗanda ba ya so su fita da yatsun hagu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma a wannan zama kukan gidajen biyu yakan hau kan juna har mai saurare ya kasa raba su.

Wannan ne ya sa Muhammad Wardi yake cikin wayata, amma ba dukkan Wardi ba. An haife shi a 1932 a ƙauyen Sawarda na ƙasar Nuba, ya rasu a 2012, kuma duniya ta fi saninsa da babbar ƙungiyar makaɗa mai goge da ƙaho da ganguna. Waɗannan na ƙasa ne. Wanda nake hawa ruwa da shi shi ne Wardin da ke zaune shi kaɗai da tambur yana waƙa da harshen Nuba, domin a nan ne ake jin cewa mutumin bakin kogi ne. Abdulkarim Alkabli kuwa, wanda ɗan Fot Sudan ne aka haife shi a 1932 ya rasu a 2021, sai bayan la'asar nake kunna shi, kuma sai inda yake shi da udu, wato molon Larabawa, kawai, saboda baitocinsa na Larabci suna son nutsuwar da ba a samu sai rana ta yi sanyi.

Kogi kuma daban yake, kuma mai kogi a wurina ita ce A'isha Falatiya. Bahar Azrak yana gangarowa ne daga tafkin Tana na Habasha, a watan Agusta yakan cika ya yi jajawur da laka yana gudu, ba mai hankalin da zai shiga da rediyo a lokacin. Amma bayan damina, madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 takan tare ruwan, ya kwanta ya yi faɗi a gaban garinmu, iskar hunturu kuma ta riƙa tura jirgi kudu, ruwa ya dawo da shi arewa a hankali. A irin wannan lokaci ne na fara jin muryarta, a jirgin kawuna wanda ke kamun giwan ruwa da tarwaɗa, daga wata rediyo mai kaset da yake naɗewa a leda. Yana da kasusuwan Shata da na Ɗan Maraya waɗanda matafiya ke kawowa daga Kano, amma idan ya zo kan nata yakan ɗaga yatsa ya ce mini, "Yaro, saurara da kyau, wannan tamu ce."

Sai da na girma na gane nauyin wannan magana. A'isha 'yar Hausawa ce, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, a zamanin da ake ganin fitar muryar mace a bainar jama'a abin kunya ne. Ta sha suka a kan haka, daga gida da waje, amma ba ta fasa ba. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, kuma kafin rasuwarta a 1974 ba gidan da bai san muryarta ba a ƙasar nan. Mu da aka sha tambayarmu asalinmu a ƙasar da aka binne kakanninmu, ba ƙaramin abu ba ne a ce muryar da ta buɗe wa dukkan matan Sudan ƙofar rediyo daga cikinmu ta fito. Ban da wannan, tsofaffin fayafayenta sun dace da kogi ta wata fuska ta zahiri: ɗaukar sautin wancan zamani ba ta da kauri, muryar ce a gaba, siririya kuma tsayayya, kuma kwantaccen ruwa yana ɗaukar irin wannan murya ya kai ta nesa. Na sha ganin mata masu wanki a gaɓa sun ɗago kai suna amsawa tun jirginmu yana tsakiyar kogi. A teku ba a samun haka, domin can ba mai jin ka sai wanda kuke jirgi ɗaya.

Kada wani ya ɗauka na manta da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, domin ba a lissafa mawaƙan Hausa a tsallake shi. Sai dai Shata da kalangai da 'yan amshi yake tafe, taro ne guda, ba ya barin fili ga kukan igiya. Lokacinsa shi ne dawowa, sa'ad da muka juyo arewa muna fuskantar iska, aka naɗe ƙyalle aka tayar da inji, kunne ya huta daga aikinsa. A nan kalangu yakan hau bisa ƙarar inji, gajiya ta saki mutane, yaran jirgi su zama 'yan amshi da kansu yayin da suke jera kifin najil a cikin ƙanƙara. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuwa a gida nake barin su, ba don raini ba, sai don waƙar fada tana bukatar mutum ya ba ta hankalinsa duka ya bi zambo da kirari ɗaya bayan ɗaya, kuma a jirgi ba wanda ke da hankali duka da zai bayar. Waƙoƙin zamani na situdiyo, waɗanda samari ke so, ina jin daɗinsu a wurin biki, amma gangar na'ura ba ta numfashi, tana cike kowane gurbi, kuma a kan ruwa ba a jimawa kai yake ɗaukar zafi da ita.

Akwai kuma babban jirgin fasinja da ke tashi daga Sawakin ya kwana a teku ya wayi gari a Jidda. A cikinsa ba ruwan fasinja da iska ko duwatsu, wannan aikin ma'aikata ne da na'urorinsu, amma akwai wani haƙƙin da ya maye gurbin na mai tuƙi, wato haƙƙin maƙwabcin shimfiɗa. Mutane ne cike, masu zuwa umra, 'yan ƙwadago masu komawa bakin aiki, 'yan kasuwa, kowa ya shimfiɗa abin kwanciyarsa a inda ya samu. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kuma, da yawa daga cikin masu tsallakawa sun baro gidajensu ne ba da son ransu ba, kuma bai kamata mutum ya saki kiɗan rawa a kusa da wanda bai san halin da danginsa suke ciki ba. Abin da ya dace da wannan dare shi ne madahu. Sudan tana da arziki a wannan fanni, daga salon zuriyar Hajji Almahi masu buga tambarin hannu, har zuwa ƙasidun Shehu Albur'i na Kurdufan wanda ya rasu a 2005, kuma na ga mutanen da ba sa sauraron kiɗa sam sun matso kusa idan aka sa su.

Mu Hausawa kuma muna da Ishiriniya, ƙasidun yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda Alfazazi na Andalus ya tsara a ƙarni na 13, muka riƙe su muka ba su karin muryarmu. Wata tafiya ina zaune a saman jirgi bayan sallar isha ina magana da wani ɗan'uwa, sai wata tsohuwa da ke kusa ta ji Hausa ta ce, "Ɗan nan, daga ina?" Na ce, "Daga Mai Wurno, Inna." Ta ce ita daga Gadarif take, sannan ta ce, "In kana da Ishiriniya a wayar nan, ka ɗaga mana ita kaɗan, Allah ya yi maka albarka." Na kunna, ta gyara mayafi ta kama bi da ka, ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma kafin a gama harafi na farko wasu dattawa biyu da ban san Hausawa ba ne sun jawo tabarmarsu sun shigo cikin amshi. Da masu umra suka fara talbiya kuwa, kowa ya kashe abin da ke hannunsa ba tare da an ce masa ba.

Game da shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Layin waya yana yankewa da an yi nisa da gaɓa, don haka duk abin da mutum yake son ji sai ya sauke shi a memori tun yana gida. Gishirin teku yana cin ramin caji da madannai cikin ɗan lokaci, shi ya sa wayata a leda mai zif take zama, sifikar kuma in ɗaure ta a jikin jigo tana fuskantar tsakiyar jirgi, nesa da kunnen mai tuƙi. Abin toshe kunne haramun ne a wurina a cikin sambuk, domin idan aka yi kiran a sunkuya saboda sandar ƙyalle za ta juyo, wanda bai ji ba a ruwa za a tsamo shi. Ba na kunna komai sai an karanta "Bismillahi majreha wa mursaha" an bar gaɓa, kuma lokacin salla ya fi ƙarfin kowace waƙa.

Abin da nake ƙoƙarin sabawa da shi yanzu shi ne kiɗan matuƙan ɗaya gaɓar, musamman na Yanbu da ke arewa da Jidda, inda suke da simsimiyya, wadda ita ma dangin tambur ce amma tsirkiyarta ta waya ce, ana haɗa ta da tafi da amshin maza. Kiɗan mutanen teku ne na asali, an ƙirƙire shi a cikin jirage irin namu, kuma kaifin wayar yana ratsa iska fiye da gurmi ma. Matsalarsa a jirginmu ita ce karinsa na Hijaz ne, don haka saurayin nan mai basankob ya gwada binsa ya kasa samun inda zai sa yatsa, Baba kuma ya ce tafin ya yi yawa, yana hana shi jin gefen ƙyalle. Na samu wasu ɗauka da aka yi da simsimiyya ita kaɗai ba tafi, na zuba su a memori, kuma su zan gwada masa idan hunturu ya shiga muka gangara Sawakin.